Mai Sayen Doki Ya Fara Tambayar Kuɗin Harawa

Duk wanda ya taɓa shiga karar Wudil ran Juma'a ya san yadda ciniki ya ke a can. Dillali ya kan zagaya da kai, ya buɗe bakin dabba ka ga haƙora, ya sa yaro ya ja ta ka ga tafiyarta, ya yi ta yabo har ka ji in ba ka saya ba ka yi asara. Abu ɗaya ne ba ya faɗa maka, watau abin da dabbar za ta ci daga yau har ranar da za ku rabu. Shi ya sa dattawa, in yaro ya zo musu da zancen sayen doki, ba su kan fara da tambayar kuɗin dokin ba, sai su ce, "Ina rumbun harawarka?"

Abin da ya tuna mini da wannan, kwanan baya wani malamin makaranta, wanda muka zauna aji ɗaya da shi a kwalejin horon malamai, ya iske ni gida bayan La'asar da wata takarda mai sheƙi a hannu. Ƙanin matarsa ne, ɗan kasuwa mai zuwa Dubai saro kaya, ya kawo masa ita. A jikin takardar ga hoton wani dogon bene, ga tafkin wanka, ga yara bisa lilo suna dariya. Ya ce, "Malam, duba mini wannan. An ce in muka haɗu mu goma muka tara kuɗi, za mu mallaki ɗaki a wannan gida, mako biyu kowace shekara, kusa da dandalin wasan yara. Kowa ya kai iyalinsa in layi ya zo kansa. Wai wanda ya saya ya huta da biyan kuɗin otal." Na ce, "To, madalla. Nawa a ke biya kowace shekara bayan an saya?" Ya juya takarda gaba da baya, bai gani ba. Na ce, "Da wane kuɗi a ke biya, naira ko dala?" Ya yi shiru. Na ce, "Ranar da kuka gaji, wa zai saya daga hannunku?" Sai ya yi dariya, ya ce ai abin da ya kawo shi ke nan.

Na tabbata ba shi kaɗai irin wannan takarda za ta iske ba, gama yanzu talla ba ta jiran ɗan aike, ta cikin waya ta ke shigowa har ƙuryar ɗaki. Saboda haka na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna bayani a wannan shafi. Ra'ayina a taƙaice shi ne, kai iyali hutu abu ne mai kyau, amma kuɗin da mutum ya riga ya tara su ya kamata su yanke masa yawan tafiyar da zai yi a shekara. Duk yarjejeniyar da za ta juya wannan, ta sa tafiya ce ke yanke wa mutum kuɗin da zai nemo, to a yi hattara da ita.

Ga yadda abin ya ke. Kamfani ya kan gina gidan saukar baƙi a wurin da mutane ke son zuwa hutu, ko bakin teku, ko kusa da dandalin wasanni. Maimakon ya jira baƙi su zo su biya kuɗin kwana, sai ya yanka shekara mako-mako, ya sayar wa kowane mutum makonsa. Ɗaki ɗaya ke nan ya sami masu shi wajen hamsin, kowa da lokacinsa. Mu kira shi kason masauki. A Turai aka fara wannan ciniki. A 1963 aka kafa kamfanin Hapimag a ƙasar Suwizalan bisa wannan dabara, daga baya ta haye Amurka, ta bunƙasa a shekarun 1970. Yau kamfanoni da yawa sun bar sayar da mako sun koma sayar da maki. A kan ba ka maki kaza kowace shekara, ka kashe su a kwanakin da ka zaɓa, amma daren lokacin cunkoso ya fi cin maki. Lokacin cunkoso kuwa yawanci shi ne lokacin hutun makarantu, watau daidai sa'ad da malami ke da sukunin tafiya.

Dandalin wasannin da a ke kwaɗaita wa mutane kuma, shi ma yana da tarihinsa. A watan Yuli 1955 Walt Disney ya buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya ta Amurka, wuri mai faɗi da aka cika da lilo iri-iri, da jiragen wasa, da gine-ginen tatsuniya. Ran 1 ga Oktoba 1971 aka buɗe wanda ya fi shi girma a jihar Fulorida, a 1991 kuma kamfanin ya fara sayar da nasa kason masauki a gefen dandalin. Cikin masu irin wannan kaso akwai masu zuwa sau biyu ko sau uku a shekara, har su kan zauna su yi wa tafiye-tafiyen kasafi na musamman. Dalili kuwa, kaso wurin kwana kurum ya ke ba ka. Takardar shiga dandali dabam ce, kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ranar da aka buɗe dandalin Fulorida babban mutum dala uku da rabi ya ke biya a ƙofa, ban da kuɗin hawa lilo. A 2015 takardar yini ɗaya ta haura dala 100. Mai 'ya'ya huɗu sai ya ɗauki alli ya yi lissafin kwana biyar.

Akawu ya fi kowa gane wannan. Tun zamanin En'e, kafin a maye gurbinta da ƙananan hukumomi a 1976, in Ma'aji zai shirya ƙiyasin kuɗin shekara ya kan raba kuɗin manyan ayyuka da kuɗin da ke maimaituwa. Gina ɗakin shan magani sau ɗaya a ke biyansa, amma albashin malamin asibiti da kuɗin magani da gyaran rufi kowace shekara su ke dawowa, su ne kuwa ke karya baitulmali in ba a yi tsinkaye ba. Haka kason masauki ya ke. Kuɗin saye shi ne wanda a ke rubutawa da manyan baƙaƙe. Bayansa akwai kuɗin kula da gida, na shara da fenti da masu gadi da haraji, wanda a ke biya kowace shekara, ko ka je ko ba ka je ba, kuma bisa ga al'ada ƙaruwa ya ke yi. Bayan wannan ga kuɗin tafiyar kanta, na jirgi, da biza, da abinci, da takardar shiga, da tsarabar da ba a isa a dawo gida babu ita ba. Mai talla kashi na farko kaɗai ya ke gwadawa da kuɗin otal, ya ce ka ga riba. Sauran biyun su ne harawa.

Mu da ke karɓar albashi da naira, akwai wani rami kuma da Ba'amurke ba ya faɗawa. A watan Mayu 2023 dala ɗaya a farashin hukuma wajen naira 460 ce. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta wuce naira 1,500. To, mu ƙaddara, don misali, kuɗin kula da gida dala 1,000 ne a shekara. Wanda ya sa hannu yana lissafin naira 460,000, kafin shekara ta kewayo ya wayi gari ana bin sa naira 1,500,000, alhali ɗakin bai ƙara faɗi ko da taku ɗaya ba. A gwada wannan da mafi ƙarancin albashi da Gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a ƙarshen 2024, watau naira 71,000 a wata, wanda in an tara na shekara cur bai wuce naira 852,000 ba. Wanda ke samu da naira ya ɗauki alkawarin biya da dala na shekara ashirin ko talatin, ya ɗaura wa kansa igiyar da bakinta ke hannun wani.

Ko da kuɗin sun samu, hanya ba kullum ta ke buɗe ba. A watan Maris 2020 annobar korona ta sa aka rufe manyan dandalan wasanni na duniya, na Kalifoniya bai sake buɗewa ba sai ƙarshen Afrilu 2021. A watan Oktoba 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai ta ke, ta daina ba 'yan Nijeriya biza, ba a koma bayarwa ba sai Yuli 2024. Jiragen kamfanin Emirates su ma sun daina zuwa ƙasar nan wajen shekara biyu, sai Oktoba 2024 suka dawo. Mutumin da ya saba kama ɗaki a otal, da ya ji an rufe hanya sai ya zauna gida da kuɗinsa a aljihu. Mai kaso kuwa, rashin biza ba ya cikin abin da ke ɗauke masa kuɗin shekara.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro ba ya cikin takarda, cikin zuciyar ɗan Adam ya ke. Mutum in ya biya kuɗin abu, ba ya son ya ga ya tafi a banza. Maki sun shigo, an ce in ba a kashe su ba kafin lokaci kaza za su mutu, sai maigida ya ce tilas a tafi don kada a yi asara. Domin ya ceci kwana bakwai da ya riga ya biya, sai ya kashe ninkin kuɗinsu a jirgi da abinci. Da haka tafiya ɗaya ke zama biyu, biyu ta zama uku, ba don iyali sun gaji suna bukatar hutu ba, sai don kaso na kira. Kamar mai dokin nan ne da ke hawa kullum ba da wurin zuwa ba, wai don kada harawar da dokin ya ci ta tafi banza. A nan fa sai a rasa wane ne ubangijin wani tsakanin doki da mahayi.

Abokina ya ce mini, "Ai kamar watanda ce, Malam." Na ce a'a, da bambanci. Watanda mun san ta. Mutum goma su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa nama kashi goma, kowa ya ɗauki nasa, kafin Azahar an watse ba mai bin wani ko kwabo. Adashi ma haka, in ya zagayo kan kowa ya ƙare, wanda ya ga dama ya sake shiga. Kyawun waɗannan al'adu namu shi ne suna da ranar ƙarewa wadda kowa ya sani. Kason masauki shigarsa da sauƙi, fitarsa da wuya. Wani yana da wa'adin shekara wajen hamsin, wani ba shi da wa'adi sam, har ya kan faɗa cikin gado, magada su tarar da takardar biya tana jiransu. In ka so sayarwa, sai ka iske kasuwa cike da masu neman rabuwa da nasu, shi kuwa kamfani yana ta sayar da sabo. Akwai 'yan kaɗan masu riƙe daraja, amma da yawa a kan sayar da su da abin da bai kai rabin kuɗin saye ba, wasu ma kyauta a ke neman mai karɓa. Sa'an nan a tuna, in mutum goma suka haɗu, ranar da uku suka kasa kawo nasu, bakwai ɗin da suka rage su kamfani zai bi. Zumunci da yawa ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba.

Wanda ya ke jin wurin shaƙatawa abu ne mai dawwama, ba sai ya je nesa neman darasi ba. Marigayi Audu Bako, Gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya yi wa jihar nan aiki da hangen nesa. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Bagauda da ta Tiga, aka gina otal a bakin tafkin Bagauda, da wani bisa dutse a Tiga, aka kuma buɗe gidan namun daji na Kano wanda ke ɗauke da sunansa. Iyayenmu sun ga lokacin da zuwa Bagauda ya ke abin alfahari. Ina otal ɗin yau? Na Bagauda ya zama reshen makarantar horon lauyoyi, na Tiga kuwa ya yi shekaru da yawa a rufe. Da a ce wani ya sayi mako ɗaya a can a 1975 bisa alkawarin shekara hamsin, da wa zai kai ƙara? Abin da ya sami ginin gwamnati yana iya samun na kamfani.

Kada a ce na rufe ido ga amfanin abin. Mutumin da ke samun kuɗinsa da dala, ya ke kuma zuwa wuri ɗaya kowace shekara ba fashi, da iyali masu yawa da ke bukatar ɗaki da wurin dafa abinci, in ya biya kuɗi hannu ba da bashi ba, yana iya cin riba. Amma ko a ƙasashen da aka ƙago abin hukuma ba ta sakar wa masu talla linzami ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da ya biya kome ba, ta kuma hana karɓar kafin alkalami cikin waɗannan kwanaki. Jihar Fulorida kwana 10 ta bayar. In Turawa da kansu sun ga sai an ba mutum lokaci ya koma gida ya huce, to mai ce maka ka sa hannu yau don gobe farashi zai tashi, ya riga ya gaya maka irin cinikin da ya ke yi.

Haka kuma kada wani ya ɗauka ina cewa ma'aikaci ya zauna gida shekara ta fita shekara ta shigo. Wannan ma kuskure ne, mu malamai kuwa mun fi kowa saninsa. Yaron da ya ga giwa da idonsa ya fi wanda ya gan ta a littafi riƙe darasi. Ɗan Wudil da ya tsaya bisa madatsar Tiga ya gane daga inda wani sashe na ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar garinsu ya ke fitowa. Ga Dutsen Dala, ga Gidan Makama, ga marinar Ƙofar Mata, duk tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo. Ga zane-zanen mutanen dā a duwatsun Birnin Kudu, kan hanyar nan da ta ratsa garinmu. Mai ɗan ƙarfi kuma ga Yankari a Jihar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, da ruwan ɗumi na Wikki. Uwargida da ta shekara tana fama da murhu ita ma tana da hakkin ta ga wani wuri ban da gidan biki da gidan gaisuwa. Ba wanda zai nemi biza ko dala a waɗannan wurare, ba kuma wanda zai aiko maka da takardar biya in bana ba ka je ba.

To, yaya mai albashi zai shirya fita sau biyu ko uku a shekara ba tare da ya shiga uku ba? Da farko ya yanke kason da zai iya cirewa kowane wata bayan abinci, da kuɗin makaranta, da magani, da hakkin iyaye. A ganina kashi ɗaya cikin ashirin ya isa. Misali, mai albashin naira 150,000 ya cire 7,500 ran da albashi ya shigo, ba ran da ya kusa ƙarewa ba, a shekara ya tara 90,000. Ya ajiye su inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, ko ya shiga adashi ya roƙi a sa kwasarsa ta faɗo gab da dogon hutu. Na biyu, ya ware kashi ɗaya cikin goma na abin da ya taru saboda abin da ba a zata ba, gama tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kowa ya ga yadda kuɗin mota ke iya ninkawa cikin dare ɗaya. Na uku, ya raba sauran bisa tafiye-tafiyen, ƙanana biyu na yini ɗaya, kamar na bayan Sallah, da babba ɗaya. In kuɗin babbar ba su kai ba, a haɗa na shekara biyu a yi ta sau ɗaya, ba abin kunya ba ne.

Na huɗu, kowace tafiya a rubuta ta dukanta tun daga ƙofar gida har dawowa, da mota, da abinci, da kuɗin shiga, da hawa lilo, da tsaraba, kuma a lissafa da yawan kawunan da za su tafi da gaske, don mun san in an ce za a fita, 'ya'yan maƙwabta da na dangi ba a barinsu. Abincin da aka dafo daga gida ya kan rage kuɗi ƙwarai. Na biyar, a dubi kalanda. Sallah tana matsowa da kwana goma ko goma sha ɗaya kowace shekara, wani lokaci ta haɗu da komawa makaranta, ga ɗinki, ga rago, ga littattafai. Shekarar da suka haɗu, fita ita ce za ta ja da baya. Na ƙarshe, wanda ya fi duka, kada a ci bashi don hutu, ko na banki ko na ƙungiyar ma'aikata. Nishaɗin kwana uku da za a yi wata goma ana yankarsa daga albashi ya daina zama hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda bai tara ba ya haƙura sai baɗi.

Abokina ya naɗe takardarsa ya sa aljihu. Na ba shi shawara ya mayar wa surukinsa da tambayoyin nan uku, ya ce a ba shi amsa a rubuce, ya kuma kai yarjejeniyar wurin lauya kafin kowa ya fitar da ko naira ɗaya. In amsa ta zo ta gamsar, kuɗinsu ne, ba mai hana su. Amma na roƙe shi, kafin nan, ya ɗauki yaransa wannan hutu ya kai su gidan namun daji, ya lura da fuskokinsu sa'ad da suka tsaya gaban zaki, ya gani ko akwai wanda zai tambaye shi Dubai.

Jama'a, daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka cikin ɗan abin da mu ke samu, ya tsare mu da ɗaukar kayan da ya fi ƙarfin wuyanmu. Amin.